Geron da Na Manna a Kwali a Tungar Bawa Gajere

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. Wadda ta gan ni a hanya sai ta ce, "Balki, yaya bakin ruwa?" Wadda ba ta gan ni ba sai ta bugo waya. Na ba Zainabu labari, ta kai wa Hassana, kafin ya zagayo wurina an ce kada ya kusa cinye ni. Ban ga kada ba. Saboda haka ga shi na rubuta sau ɗaya, kowa ta karanta, kar a sake tare ni a hanya.

Ga wadda ba ta sani ba, tun da muka gama sakandare nake aiki a wata makarantar rainon yara a nan Yelwa, ajin 'yan shekara huɗu. Ranar da za a tafi dogon hutun nan na damina, Hajiya mai makarantar ta kira ni ofis. Ta ce iyaye uku sun kawo ƙarata. Wai ina yi wa yara tsawa, wai kuma idan yaro ya yi jinkirin yanka takarda sai in fizge almakashin in yanka masa. Na ce gaskiya ne, ai a haka aikin ya fi sauri. Ta ce ba ta tambaye ni ba.

Ta ce tana da wata ƙawa, Malama Rifkatu, tare suka yi karatun koyarwa. Tana riƙe da ƙananan yara a wata tunga a ƙasar Ngaski, yayin da iyayensu ke gona ko wajen kifi. In je in yi sati biyu ina koya wa yaran aikin hannu, in dawo da takarda daga hannunta.

"In ta ce kin iya zama da yara, ajinki na nan yana jiranki. In ta ce ba ki iya ba, ki fara tunanin wata sana'a."

Da na faɗa wa Inna a gida, ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ke anka zaɓa?" Na ce ni. Ta ce, "Allah shi ba ɗiyan mutane haƙuri."

Kayana ba su da yawa. Kwali babba na naɗe shi na ɗaure da roba, takardu masu launi, fensirori, gam kwalba huɗu, da ƙananan almakashi goma sha biyu irin masu dakushin baki. Na isa tasha ƙarfe bakwai, aka ce motar Wara saura mutum ɗaya ta cika. Mutumin nan ɗaya bai zo ba sai ƙarfe goma da wani abu. Dattijo ne daga Shanga, zai je ganin jika. Yana shiga ya yi bismillah ya zauna a kan kwalina. Na ce, "Baba, kayana ne ka danne." Ya ɗaga gefe ɗaya ya duba, ya ce ba komai, ba ya takura masa.

Hanyar ba sai na yi dogon bayani ba. Inda akwai kwalta direba ya kauce mata, inda babu ya bi. A wani shinge 'yan sintiri suka ce kowa ya buɗe jakarsa. Wanda ya duba tawa ya zaro almakashin gaba ɗaya, a ɗaure da zare kamar makullai.

"Na wa ne wanga?"

"Nawa ne."

"Tela ce ke?"

"A'a."

"Kitso kike yi?"

"Malama ce ni."

Ya ware ɗaya ya gwada a bakin igiyar shingen. Bai yanka ba. Ya gwada a gefen rigarsa. Bai yanka ba. Ya kira abokinsa, shi ma ya gwada.

"Wanga ba ya yanka komi."

"Na yara ne."

"To mi ne amfaninai?"

Dattijon Shanga ya leƙo ta taga ya ce, "Ku ƙyale ta, ilimin zamani ne." Aka ƙyale ni.

A Wara muka sauka da azahar. Daga nan sai jirgin ruwa mai inji. An ba ni rigar ruwa mai igiya ɗaya, na ɗaura, ta kai mini gwiwa. Maƙwabtana a jirgi su ne mata huɗu da suka dawo daga cefane, akuya biyu, da wani babur da aka kwantar kamar maras lafiya. Da muka yi nisa, mai jirgi ya nuna gefen dama da haɓa ya ce, "Malama, nan hwa Neja ce, mun bar Kebbi." Na ce ina alama. Ya ce, "Ba ki ga ruwan ya sake ba?" Na duba. Ruwan bai sake ba. Bayan kamar minti goma ya ce mun dawo Kebbi. Matan suka yi mini barka da dawowa. Iyakar ke nan, ga masu tambaya ko na fita jiha.

Saura kaɗan mu isa hadari ya taso, ruwa ya sauko. Na rungume takarduna a ƙirji na lulluɓe da hijabi. Ban san jar takarda tana zubar da launi ba sai da muka sauka. Wata doguwar mata ta taho bakin gaɓa da lema, ta dube ni daga wuya zuwa ciki, ta ajiye lemar.

"Wa ya ji miki ciwo?"

"Takarda ce."

"Ke ce Balkisu ke nan. Ƙawata ta ce zan gane ki."

Ban tambayi yadda aka kwatanta ni ba. Wannan ita ce Malama Rifkatu.

Tungar Bawa Gajere kashi biyu ce. A ƙasa, bakin ruwa, masunta ne, Musulmi, da rumfunan banda inda mata ke gasa kifi daga safe har yamma. A sama, kan tudu, manoma ne, galibinsu Kiristoci, wasu kuma ban tambaye su ba. Makarantar tana tsakani: rumfa ce mai rufin kwano da zana a gefe uku, ƙasa an yi mata daɓe. A ɗakin Malama na sauka. Ta ba ni gado da gidan sauro, ita ta koma tabarma. Ta kuma nuna mini inda zan ajiye bokiti idan an fara ruwa, wuri biyu, ta ce na uku ba ya ɗiga sai iska ta juyo daga yamma. Ta ware mini buta da wurin salla ba tare da na tambaya ba. Agwagwarta ce kawai ba ta amince da ni ba har na bar garin.

Abinci kuwa, ni 'yar Yauri ce, na ɗauka na san kifi. Ban sani ba. Da safe kunu da warangi, ƙananan kifin nan da ake shanyawa. Da rana karfasa. Da yamma miyar tarwaɗa. Kifin a cike da kwano, tuwon kuwa ɗan mulmule ɗaya kamar na maras lafiya. A gidanmu tuwo ake tarawa a ɗora kan kifi ɗaya a sama don ado. A raina na ce mutanen nan akwai rowar tuwo.

Gaisuwa ma daban ce. A Yelwa kina iya cewa "ina kwana" kina tafiya. A can sai kin tsaya, kin rusuna, an tambayi gajiya, an tambayi ruwa, an tambayi sauro, an tambayi mutanen da kika baro waɗanda ba a taɓa gani ba. Daga ɗaki zuwa rumfa taku hamsin ne. Rabin awa nake yi.

A makarantarmu iyaye ke kawo yara a babur, da kwandon abinci da robar ruwa. A can yaro shi ke kawo kansa, wata ma da ƙani a goye. Babu ƙararrawa, babu rajista. Malama ta ce ita ba ta zuwa kiran kowa. Wanda ya so zuwa, uwarsa kuma ta bar shi, shi ne ɗan makaranta a ranar. Ranar farko na ƙirga ashirin da shida. Suna jin Hausa duka, amma idan za su yi magana a kaina sai na tudu su koma Kambarci, na bakin ruwa su koma Gunganci.

Na fara da jirgin takarda, don a Yelwa shi ne ke sa yara tsalle. Na naɗe, na lanƙwasa, na buɗe, na ɗaga sama. Babu wanda ya yi tsalle. Wata 'yar shekara huɗu mai suna Kulu, mai kitso biyu a tsaye, ta matso ta duba ta ƙasa.

"Anti, ina wurin inji?"

"Babu inji."

"Ina za a sa kifi?"

"Ba a sa kifi. Wasa ne."

Ta ɗora shi a kanta ta ce hula ce. Sauran suka amince da cewa hula ce. Na kai su wani kududdufi na sa nawa don su gani. Ya jiƙe ya kwanta. Wani yaro ya girgiza kai ya ce, "Mai jirginga bai iya ba."

Kwana biyu na gaba muka yi yanke-yanke. Na fizge almakashi sau uku a rana ɗaya, na san adadin domin duk lokacin da na fizge sai Malama ta ɗago daga ɗinkin da take yi a bakin rumfa, ta dube ni, ta mayar da kai. Da ta yi faɗa da na fi jin daɗi.

Ranar Alhamis ta tafi Wara tun da safe sayen magani, ta bar mini yaran. Na ce yau zan yi abin da idan ta dawo za ta rubuta takardar nan ba tare da ta jira sati biyu ba. Akwai wani aiki da muke yi a Yelwa: a zana hoto a kwali, a shafa gam, a manna hatsi. Gero a nan, shinkafa a can, wake a ido. Iyaye na son shi, har hoto suke ɗauka. Na ce wa yaran kowa ya ruga gida ya ɗebo mini hatsi cikin hannu, kowane iri ya samu. Suka watse da gudu. Iyaye mata duk suna gona ko banda, babu wanda za a tambaya. Suka dawo, wani da gero a aljihu, wata da shinkafa a bakin zane, wani ɗan tudu mai suna Danladi da jan wake mai kyau, manya-manya, kamar an zaɓe su ɗaya bayan ɗaya.

Gaskiya aikin ya yi kyau. Har yanzu ina kan bakana, ya yi kyau. Hoton kifi ashirin da shida, babu wanda na fizge wa komai. Da aka tashi kowa ya tafi gida da nasa. Abin da ya zube a ƙasa, kuma da yawa ya zube, na sa tsintsiya na share na kai juji bayan rumfa.

Malama ta dawo da la'asar. Na nuna mata wanda na yi na gwaji. Ta riƙe shi, ta nemi wuri ta zauna.

"Ina kika samo hatsi?"

"Yara suka kawo."

"Wa ya ba su?"

"Gidajensu ne fa."

"Wanda ya zube?"

"Na share."

"Kika kai ina?"

"Juji."

Ta faɗi wata magana da Kambarci. Ban nemi fassara ba.

Washegari yara uku suka zo. Biyu 'ya'yan maƙwabciyar Malama ne. Na ukun ya tsaya daga nesa, ya ce shi kallo ya zo. Ina zaune ina lissafin abin da Hajiya za ta ce idan ta ji na karɓi yara ashirin da shida na mayar da su uku cikin kwana huɗu, sai ga wata tsohuwa gajera ta taho, tana warin hayaƙin banda. Malama ta miƙe tsaye, ni ma na miƙe. Gwaggo Tumba ce, kakar Kulu. Daga baya na gane cewa a bakin ruwan nan idan ta ce mata su hana yara fita, ko na goye ba ya leƙowa.

Ta ajiye kwalin Kulu a gabana. An kankare shi tas. Ta ajiye ƙoƙo, da geron a ciki, duk ya cure da gam.

"Ɗiyata, wanga abu da kinka shafa, ana cin shi?"

"A'a, Gwaggo."

"In an wanke hwa?"

"Ba na jin zai fita."

"To kin kashe shi ke nan."

Ku da kuka san ni kun san ba na iya shiru. Na ce, "Gwaggo, ko rabin gwangwani fa bai kai ba."

Ta dubi Malama, ta ce, "Ita ta auna?" Sannan ta juyo. "Mu da sahe ake awo. Uban Kulu ya auna na yini ya hita ruwa. Uwar ta dawo ta tarad da awo ya rage. Ta kama Hadiza, yayar Kulu, ta ba ta kashi, yarinya tana rantsuwa ba ita ba ce. Sai ga Kulu ta shigo da kihi na gero tana murna."

Malama ce ta ƙarasa mini sauran, a hankali, kamar tana karanta wa ɗan aji ɗaya. Watan nan na tsakiyar damina, hatsin bara ya kusa ƙarewa, na bana bai nuna ba. Masunta ba su da rumbu, da kifi suke samun gero, mudu-mudu. Shi ya sa tuwon yake ɗan mulmule. Waken Danladi kuwa iri ne, ubansa ya ware zai shuka a satin.

Na ce to a kai ni Wara, in sayo mudu biyu na gero da na wake in raba wa kowa, magana ta ƙare.

Gwaggo ta ce, "Wa ya ce ki saya? Ba don yawanai muka hana yara zuwa ba. Mun aiko su su koyi abu, sun koyi ana zuba tsintsiya kan abinci. Tashi mu je jujin."

An yi yayyafi da asuba, saboda haka hatsin ya shige cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, da toka, da ɓawon gyaɗa, da abin da ba zan rubuta ba. Kaji sun riga ni zuwa. Gwaggo ta ba ni ƙoƙo, ta jawo turmi ta kifa ta zauna.

"Tsince."

"Duka?"

"Wanda kaji sunka bar miki."

Na yi tunanin jakata. Na yi tunanin jirgin ƙarfe sha biyu mai komawa Wara. Na yi tunanin sana'o'in da na iya ban da wannan, na samu babu. Na tattare zane na tsuguna.

Wadda ba ta taɓa tsintar gero a cikin laka ba, ba ta san ƙanƙantar gero ba. Babu dabara. Na gwada kwasa da hannu biyu, Gwaggo ta ce ƙasa ba ta cikin abin da ta aike ni. Na gwada sauri, sai ƙwayar ta ƙara nutsewa. Dole ɗaya bayan ɗaya, da farce. Kafin hantsi labari ya zagaya cewa Antin birni tana juji. Yara suka fara taruwa, ba makaranta suka zo ba, saboda haka ba su karya dokar kowa ba. Mata masu wucewa da itace suka rage sauri, suka gaishe ni da aiki, suka tambayi gajiya. Na amsa duka.

Can sai Kulu ta zo ta tsuguna kusa da ni. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya, ta hure ta, ta goge a rigarta, ta duba ta, ta sa a ƙoƙo. Ta nemi ta biyu. Na ji bakina yana shirin cewa ta bari kawai in yi. Sai na ga ni ma ba na fin ta sauri. Wasu suka biyo ta. Gwaggo ba ta kore su ba.

Da aka kira azahar mun tara abin da ya rufe gindin ƙoƙo. Gwaggo ta karɓa, ta zuba ruwa ta wanke, ta tace, ta miƙo mini.

"Ba kaji."

"Gwaggo, kajin nan fa da ma suna ci. Me ya sa na tsince?"

"Jiya zubarwa kinka yi. Yau badawa za ki yi."

Na watsa wa kaji. Ba su nuna sun ga bambanci ba.

Da yamma Malama ta ɗauke ni gida-gida. Na riga na ce ban iya ba da haƙuri ba, ta ce in rusuna kawai in ce na yi kuskure, in rufe baki, kar in ƙara da "amma". Sau biyu "amma" ta kuɓuce mini, ta taka mini ƙafa. A gidan su Kulu aka kira Hadiza, 'yar shekara bakwai, da sawun tsumagiya a damtse. Na ce mata ni na jawo mata, ta yi haƙuri. Ta dube ni ta ce, "To." Ta koma wanke-wankenta. Wannan "to" ta fi juji zafi.

A tudu muka sami uban Danladi yana wasa fartanya. Ya shiga ɗaki ya fito da kwalin, waken na nan a manne. Ya riƙe shi da nisa yana dubawa.

"Malama, kifin ya yi kyau."

"Na gode, Baba."

"Sai dai ba zai tsiro ba."

Ya mayar ɗaki. Na hango ya rataye shi a ƙusa kusa da kalanda.

Ranar Litinin yara tara suka zo. Talata sha huɗu. Gwaggo ta aiko da kwarya cike da ɓawon kifi, wankakke, busasshe, da saƙon cewa idan lallai sai na manna wani abu, in manna abin da ko kaza ba ta ci. Na giwan ruwa manya ne kamar kwabo, suna ƙyalli. Malama ta jiƙa ƙaro ya zama gam, ta ce wannan ko yaro ya lasa ba komai. Sun lasa. Muka ɗebo yumɓu a bakin ruwa, muka samo kara da kaba. A yumɓu ban koya wa kowa komai ba. 'Yan tudu suka gina shanu da tozo da ƙaho, 'yan bakin ruwa suka yi jirage da wurin inji da wurin kifi. Na gina saniya don in nuna musu misali. Suka zagaye ta, suka yi shawara da harsuna biyu, suka aiko Danladi ya tambaye ni ko kare ne.

Kar ku ɗauka na zama wata salihar baiwa. Ranar Laraba na daka wa wani yaro tsawa har agwagwa ta gudu, saboda yana cusa wa ƙaninsa yumɓu a kunne. Na juya na dubi Malama. Ta ce, "Wannan ya cancanta." Yara biyar kuma ba su dawo ba har na tafi. Uwar biyu daga cikinsu ta amsa gaisuwata ta ce ba za su dawo ba sai Malama ta koma ita kaɗai.

Ranar Alhamis ta biyu na zana wa kowa kifi a ragowar kwali na ce su yanke. Kowa ya gama, ya shafa ƙaro, ya manna ɓawo. Kulu tana kan wutsiya. Ta riƙe almakashi da hannu biyu, harshe a waje, tana yanka kamar mai tsoron kwalin zai ji zafi. Ta kauce daga layi, ta dawo, ta sake kaucewa. Na ji hannuna na dama ya tashi da kansa. Na kama shi na zauna a kansa. Ba misali nake yi ba, zama na yi a kan hannuna. Malama ta ɗago daga ɗinki, ta daɗe ba ta mayar da kai ba.

Sauran yara suka tafi gida. Hannuna ya mutu. Kulu ta gama, ta ɗaga wani abu mai kama da silifa.

"Madalla. To shafa ƙaro ki manna ɓawo."

"Anti, tarwaɗa ce."

"To?"

"Tarwaɗa ba ta da ɓawo."

Ta ɗauki abinta ta tafi. Gaskiyarta ne.

Ranar tafiya Malama ta ba ni takarda a ambulan, ta liƙe da ƙaro, ta sa hannu a kan bakin. Na tambaye ta me ta rubuta. Ta ce ba ni ta rubuta wa ba. Gwaggo ta ba ni ƙullin banda wanda ya sa duk motar Yelwa ta san daga inda na fito. A jirgi na ɗaga ambulan ɗin saitin rana. Ta ninke takardar sau huɗu, ba a ganin komai.

Ban tsaya gida ba, kai tsaye na wuce wurin Hajiya da jakata da warin kifina. Ta sa tabarau ta buɗe. Daga inda nake tsaye ina hango rubutun bai fi layi biyar ba, amma ta ɗauki lokaci kamar tana karanta jarida.

"Ta ce kina da gaggawa."

"E."

"Ta ce bakinki na riga hankalinki fita."

"E."

"Ta ce kin tayar mata da gari cikin kwana huɗu, abin da ba ta iya ba a shekara tara."

Na fara tunanin yadda zan gaya wa Inna.

"Ta ce amma kin tsaya kin gyara da hannunki, kuma yara sun dawo da ƙafarsu." Ta ninke takardar ta sa a aljihun tebur. "Ranar komawa ƙarfe bakwai. Ajinki na nan."

Na yi godiya na juya. Na kai bakin ƙofa ta ce ba ta gama ba.

"Ta roƙi a sake tura mata ke hutun baɗi. Sati huɗu. Zan aika mata na amince."

Na buɗe baki. Hajiya ta dube ni ta saman tabarau, tana jira.

Na rufe. Na ce, "Allah ya kai mu."